Mabuɗin Kabad

Gobe zan bar aiki, Limbani,
don haka ajiye na'urar nan, ka jawo kujera.
Kundi ashirin da uku ne a kabad ɗin nan.
Ɗaya gara ta ci bayansa, ɗaya ruwa ya sha shi,
amma duk rubutuna ne.

Ka ga wannan mai kauri? Shekarata ta farko.
Lokacin ba mu da tsinken gwaji,
bayan hannu muke ɗorawa a goshi,
in ya ƙona mu, mu rubuta zazzaɓin sauro.
Daga Janairu har Afrilu
baranda babu masaka tsinke,
mata sun taso daga bakin Chilwa tun duhun asuba
da 'ya'ya a goye kamar garwashi cikin zane.
Biro uku na ƙarar a damina guda.

Sai shekarar da mota ta kawo gidan sauro,
shuɗi, yana warin magani.
Kundi ya fara ramewa.
Likitan gunduma ya ja layi a takarda, ya manna a bango,
layin yana gangarowa kamar keke daga dutsen Zomba.
Har akuya aka yanka.

Asabar ɗin da ta biyo baya na bi ta gaɓar tafki,
na ga shuɗin nan a hannun masunta
ana jan matemba da shi.
Na buɗe baki zan yi faɗa,
Che Mbwana ya riga ni:
"Sauro da dare yake zuwa, yunwa kuwa ba ta duba agogo."
Na sayi kifi kwano ɗaya, na wuce.

Wannan siririn kada ya ruɗe ka.
Shekarar da tafki ya ƙafe ce,
jiragen kwale-kwale kife a kan tsagaggen laka.
Lamba ta faɗi, aka tafa mana a wurin taro,
alhali mutanen ne suka tashi
suka tsallaka Mozambik da zazzaɓinsu a jiki.
Nan kuma wata biyu ne tsinken gwaji ya yanke.
Shafi fari fat.
Farin shafi ba lafiya ba ne.

Wanda ruwa ya sha, shekarar guguwa ce.
Gonar shinkafa da filin ƙwallo da maƙabarta
suka zama kududdufi ɗaya,
layin bango ya miƙe ya fasa kai kamar gamsheƙa.
Sauron ma ya yi karatu.
Maganin da ya kashe kakansa, a kansa yake hutawa,
kuma ya daina jiran tsakar dare,
da magariba yake samun mu a bakin murhu.

Buɗe shafi na arba'in da ɗaya. A hankali, ya manne.
Tiyanjane, shekara uku, kilo goma sha ɗaya.
Jikata ce.
Da hannun nan na rubuta ta,
na ja layi a ƙasa, na kira na gaba.
A zanen bango ko ɗigo ba ta kai ba.

Yanzu ga allurar rigakafi, sau huɗu.
Uwaye suna kawo uku,
ta huɗun takan faɗa a lokacin shuka.
Layin ya sake sunkuyawa.
Ban ce ya kwanta ba,
na sha ganin ya sunkuya don ya ɗaura takalmi.

Ungo mabuɗin.
Yana cijewa, sai ka ɗan ɗaga ƙofar da gwiwa.
Ka ji iskar nan? Hadari ya haɗo ta wajen Mulanje.
Sa na'urarka a caji tun da sauran wuta,
ka kuma ajiye biro biyu a aljihu.